Lahadin da Baba Nomau Ya Kira Gayya a Gonata

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau uku ina sayen kaye na rubutu da alƙalami dominta, sau uku jikoki na kwashewa su tafi da su lakol, wato makaranta, ni kuma in ji sanyi a ɓoye don an raba ni da nauyi. Karatuna bai wuce shekara huɗu ba, wannan ɗaya ke nan. Ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mutanen da ba su nan balle su gyara mini. Ina kuma tsoron wani yaron majami'a ya karanta ya ce tsoho ya ba da izinin wasa da ranar Ubangiji. Ban bayar ba, a rubuta wannan a ajiye.

Daminar bana ce ta tilasta ni. Likita a Gidan Rumji ya auna ni ya ce jinina ya hau, in bar gona. Ƴaƴana suka ɗauke hauyata, har yau ba wanda ya faɗa mini inda take. Ga ni zaune a zaure, ruwa na sauka kwana bi kwana, ina shaƙar ƙamshin ƙasa, ina sane da cewa ciyawa na tasowa a wani wuri ba da ni ba. Wannan zaman ne ya mai da ni daminar da Faransa ta sakar mana ƙasa.

Babana ya rasu cikin bazarar shekarar. Shi ne farkon wanda ya karɓi bishara a ƙauyenmu, can yankin Gidan Sori. Gida biyar ne mu masu bi, sauran gari duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Yayyena mata ne, duk sun yi aure nesa. Sai ya zama ni kaɗai ya bar wa gandu a jigawa, da Inna mahaifiyata, da matata Saratu mai cikin fari, da akuya biyu. Shekaruna ashirin da ƴan kai. Tun ina yaro an san ni da zullumi. In na rufe rumbu sai na koma na taɓa murfin, in na yi nisa kuma in sake dawowa in duba ko taɓawar ce ta karkace shi.

Bazarar ta yi tsawo. Da hantsi yashi ba ya takuwa, ƙarfen gatari in ya kwana a rana ba ka iya riƙe shi. Ruwan rijiya ya ja har guga na fitowa da laka, Saratu ta zuba a randa ta jira ya kwanta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da ƙasa a haƙora. Da aka yi ruwa ɗaya muka fita da sungumi muka shuka. Gero ya tsiro siriri kamar allura, aka ɗauke ruwa kusan mako biyu, yashi ya ƙone shi muna gani. Sauran irin yana cikin tulu a ɗakin Inna, ta cakuɗa shi da toka ta liƙe bakin da laka. Daga shi babu wani.

In na shiga rumbu ɗauko dami, ƙafata na taka daɓe. Inna ce mai rabo. Da safe ta ware zangarniyar yini, Saratu ta sussuke ta daka, a dama fura mai ruwa wadda har kana ganin fuskarka a ciki. Da yamma tuwo ɗan ƙanƙane, in tafasa ta fito a yi kwaɗo a cika ciki. Inna takan ɗebi nata ta zuba a ƙwaryar Saratu in ta ga ba a kallo, Saratu kuma ta mayar mata in ta juya baya. Ina ganin su duka biyun, in yi kamar ban gani ba.

Da ruwa ya zo na gaskiya, ya zo da ƙarfi. Muka fasa tulu muka yi shuka ta biyu, ta kama. Amma ciyawa ta riga gero tashi. Harkiya da ƙarangiya suka rufe jigawa kamar an shimfiɗa tabarma, geron na leƙowa daga ciki rawaya-rawaya. Gandun da ni da Babana muke nomewa cikin kwana goma sha, yanzu hauya ɗaya ce a kansa. Saratu ta yi nauyi, Inna ƙugunta ba ya barin ta duƙa. Kowa ya san in ba a yi noman farko kan lokaci ba, kara za ka samu, ba tsaba ba. Kuma in wannan geron ya lalace, jaririn da ke tafe zai tarar da mu babu ko kunun mai jego.

Duk da haka ran Lahadi ba na taɓa hauya. Ran Asabar da yamma in wanke ta in rataye bayan rumbu, in juya bakinta wajen bango don kada ta kalle ni. Da safe mu tafi majami'armu, ɗan ɗaki ne na jan laka da rufin kara. Malam Barnaba, mai bisharar da ke kula da mu, yana wa'azi, ni ina ƙirga layin da ya rage mini, in raba da kwanaki, in ga bai fita ba, in sake rabawa. Ana tashi sai in zarce gona. Ba aiki nake yi ba, tsayawa nake a bakin iyaka, hannuwana a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, ina kallon ciyawa tana girma har rana ta sunkuya.

Wata Lahadi hannuna ya ɓalle mini. Ban san sa'ad da na duƙa na tuge wata harkiya ba. Sai ga ta a hannuna da saiwarta da ƙasarta. Na yi ta tunanin yadda zan warware abin, daga ƙarshe na tona ramin da yatsa na mai da ita, na danna ƙasa kewaye da ita da kyau.

Ashe Baba Nomau na bisa jakinsa a hanya yana kallo. Baba Nomau abokin Babana ne tun suna yara, gonarsa na iyaka da tamu, yana kuma fataucin kanwa da rani. Ko da Babana ya bar hanyarsu ya bi Almasihu, har mutane suka ƙaurace masa wani lokaci, shi bai daina zuwa zaurenmu cin goro ba. Ya tsai da jaki ya ce, “Ɗan lakol, mi kake dasawa nan?” Ya ce kada in damu, zai tara mini irin ƙarangiya mai kyau saboda baɗi, tunda can na maida hankali. Kafin magariba labari ya kai bakin rijiya. Saratu ta dawo da tulu tana danne dariya, ta ce mata na tambaya ko a kawo mini taki.

Don in rama ranar da nake ganin na rasa, sauran kwana shidan na hana kaina zama. Tun ba ka bambance gero da ciyawa nake fita. Da tsakar rana, sa'ad da kowa ke shiga inuwa ya sha fura ya miƙe, ni a tsaye nake sha in koma. Zufa ta bushe a rigata ta yi fari. In na kwanta idona biyu, in an yi ruwa in ji ciyawa nake shayarwa, in ba a yi ba in ji gero na mutuwa. Addu'ata ma ta zama kamar mai karanta abin da bai fahimta ba. Saratu ta yi mini magana in amsa da faɗa, abin da ban saba ba. Cikin kwanakin nan ne Baba Nomau ya leƙo ta kan iyaka ya ce an ce mun samu ƴancin kai, ana ta kiɗa a Tibiri, an sauke tutar Nasara. Na ce madalla, na tambaye shi ko yana ganin za a yi ruwa gobe. Ya daɗe yana kallona, bai yi dariya ba.

Sai kurkunu ya fito mini a idon sawu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Tsutsa ce doguwa da ake samu a ruwan tafki, ta yi shekara a jikin mutum, ta tashi fitowa sai tsakiyar noma. Na ɗaure da tsumma na ɓoye. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, tana zafi kamar an ɗora garwashi, ina jan ta ina noma. Ran Alhamis da hantsi na ga gonar na juyawa, sai na farka bisa jakin Baba Nomau, yana riƙe da ni ta baya kamar buhun kanwa.

A zaure ya ce zai kira mini gayya. Na ƙi. Wanda aka yi wa gayya shi ke ciyar da mutane, ni ko me zan ba maza talatin? Ruwan tafasa? Na ce masa ƙafa za ta saki nan da kwana biyu. Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa, ya tashi ya tafi.

Ran Lahadi na dogara sanda na ja jiki zuwa majami'a. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, rana ta fito da taushi. Muna cikin wa'azi sai na jiyo gangar noma. Na kasa kunne. Daga arewa take fitowa, kuma a arewa babu gonar da ta rage ba a nome ba sai tawa. Na tashi tsakiyar magana na fita, abin da ban taɓa yi ba.

Ban san yadda na kai ba. Na tarar da maza sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, hauyoyi na tashi tare suna sauka tare, makaɗi na bin su a baya yana zuga samari. Sun riga sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani abu ya taso mini kamar murna, na danne shi da sauri, domin na tuna abin da muka hardace a lakol: hutun ranar bai tsaya kan mai gida kaɗai ba, ya haɗa da ɗansa da bawansa da dabbarsa da baƙon da ke wurinsa. Ga shi gari guda na aiki a gonata ran Lahadi.

Na ratsa na isa wurin Baba Nomau na ce, “Baba, ku yi mini haƙuri ku tsai da su. Ba ya halatta a gare ni.”

Ya ɗaga hannu, ganga ta yi shiru. Mutane suka miƙe suna share zufa. Ya jingina da ƙotar hauya ya ce in faɗa masa dokar yadda take, sannu sannu, shi bai yi lakol ba. Na faɗa. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

“To mu ɗauke su ɗaya ɗaya,” in ji shi. “Ni ɗanka ne?”

“A'a, Baba.”

“Bawanka?”

“Allah ya kiyaye.”

“To jakinka?”

Samari suka fashe da dariya, wani daga baya ya ce a duba kunnen tukuna. Baba Nomau bai yi dariya ba.

“Saura baƙo ke nan. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna nan tun wurin ga na daji. Da ni aka yi sassaben gonar ga, ni da ubanka, ga tabon gatari nan a ƙaurina. Ranar da ya cika, ni na fara sa magirbi a kushewarsa. In ni baƙo ne nan, Dauda, faɗi gaban mutane. Yanzu in kwashe su mu tahi, ba kuwa za ka ƙara ganin sawuna ba.”

Ina jin bugun ƙafata har cikin kai. Na dubi sashen da suka nome, gero ya tsaya sarari yana shan iska, na dubi sauran da ciyawa ta shaƙe. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ba zan iya ce wa mutumin nan baƙo ba, ko da me za a yi mini.

Da ya ga haka sai ya sassauta murya. “Ranarka ce, ba tamu ba. Mu mun yi Jumma'armu shekaranjiya. Tahi gindin tsamiya ka riƙe taka da kyau.” Ya yi wa makaɗi alama, ganga ta tashi.

A gindin tsamiya na tarar da Inna da Saratu sun iso, tare da Iya Hajo matar Baba Nomau da manyan ƙwarya biyu na fura daga rumbunsu. Na zauna. Inna ta jawo sandata ta zauna a kai. Can na hango wani saurayi garin gaggawa ya sare gindin gero guda, na yunƙura zan tashi, Inna ta danne mini kafaɗa. Nan ta faɗa mini ita ta zaɓi ranar. Baba Nomau Asabar ya so, ta ce masa in aka yi kowace rana ban da Lahadi, zan ɗauki hauya in shiga layi da ruɓaɓɓiyar ƙafa don kada a ce na zauna ana yi mini. Lahadi kaɗai ce ranar da ta tabbata hannuna a ɗaure yake. Na ce, Inna, ke da ba ki ko tsinke zare ran Lahadi? Ta ce in akwai laifi ta ɗauka, za ta yi bayani da kanta in ta je. Ta ƙara da cewa tun da Babana ya karɓi bishara, kowace Lahadi bayan sujada barci yake yi har da minshari, da ciyawa a gona ko babu, kuma ga mu ba mu mutu ba.

Na jingina da tsamiya ina shirya abin da zan ce mata. Yashin ƙarƙashina da sanyin ruwan asuba. Iska na kawo ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanke. Ganga na nisa tana dawowa, tana nisa tana dawowa. Saratu ta jiƙa tsumma ta ɗora mini a ƙafa. Abin da na sani ke nan.

Da na buɗe ido inuwa ta koma gabas. Babu ganga. Ƴan dattawa kaɗan ne suka rage, sun yi sahu a bakin gona suna sallar la'asar. Gandu tas, daga iyaka zuwa iyaka, ciyawa kwance tana yaushi. Jikina ya yi nauyi mai daɗi kamar na yaron da aka yi wa wanka. Na ce na gode Ubangiji, kuma rabona da in faɗi haka in ji da wani nake magana tun ranar jana'izar Babana.

Amma hali ba ya barin mutum rana ɗaya. Kashegari zullumi ya dawo. Malam Barnaba ya zo duba ƙafata, don ya koyi ɗaurin miki a likitar mishan. Ya kama kan tsutsar ya naɗe a ɗan tsinke, yana jan ta kaɗan kaɗan, ni kuma ina jera masa laifuffukana: na fita ana wa'azi, na bari an yi aiki a gonata, na uku kuma wanda ya fi damuna, na ji daɗi. Ya ce batun gayyar, da an tambaye shi tun farko ƙila da ya ce a jira Litinin, ƙila kuma a'a, shi kansa bai sani ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Sai ya tambaye ni abin da nake tunani in yana wa'azi. Na ce ciyawa. Ya tambaya in an tashi ina nake zuwa. Na faɗa masa.

“Ashe kai kowace Lahadi noma kake yi,” ya ce, “hauya ce kawai ba ka ɗauka.” Ya ɗaure tsinken ya ce na yau ya isa, in aka matsa ta tsinke. Ya ce Lahadi mai zuwa in na yi gyangyaɗi a majami'a ba zai tashe ni ba.

Geron ya yi. Ba mu cika rumbu ba, amma Saratu ta sha kunun jegonta, kuma ya kai mu har wata shukar. Daga shekarar na koyi kwanciya bayan sujada. Ba kullum barcin ke zuwa ba, amma ina kwantawa, in ce wa Ubangiji ga gonar nan sai gobe. Saratu, Allah ya ji ƙanta, takan ce ran Litinin ne kawai ake iya yi mini magana sau ɗaya in ji. Yanzu gayya ta ja baya, ƴan ƙwadago ake ɗauka ko a fesa magani. Jikokina na fita majami'a su hau moto, wato babur, su tafi neman fasinja, waya na kuka a aljihu. Ba na ce musu komai, ban san nauyin da ke kansu ba.

Ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Da ƙafata ta saki na je zauren Baba Nomau. Na tafi da niyyar godiya, amma a hanya na fara tunanin in na gode masa, ko hakan na nufin na yarda a riƙa karya ranar. Da na zauna, abin da ya fito bakina shi ne, “Baba, don Allah kada a sake yi ran Lahadi.” Ya yi dariya har da tari, ya ɓara goro ya ba ni rabi, ya ce taurin kan na ubana ne, sai dai shi ubana ya iya dariya. Na tashi na tafi. Na ce zan koma in na samo kalmomin da ba su da haɗari ta kowane gefe. Muna gaisawa kullum, na taya shi girbi, na je sunan jikokinsa, amma kalmar nan ban faɗe ta ba. Da shekarun fari suka zo, babban ɗansa Ilo ya kwashe su zuwa wajen Gazawa, inda yake fatauci a bakin iyaka. Daga baya muka ji Baba Nomau ya rasu can.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen Gazawa da Age da masu shiga mota ta wannan hanya. In kun san zuriyar wani Nomau mai kanwa da matarsa Hajo, waɗanda suka taso daga yankin Gidan Sori, ko ɗa ko jika ko tattaɓa kunne, ku taimaka ku aiko mini da labari ta hannun masu zuwa kasuwar Gidan Rumji, a ce Dauda na gidan masu Lahadi. Ba wani abu nake nema ba. So nake in zauna gaban mai jininsa in ce na gode, ba tare da na ƙara komai a kai ba. In mutum ya zo da kansa ya tarar ina barci, kada ya ji nauyi, a tashe ni.